Kogon da Na Ja Matata Ciki

Shekarun baya, ina sabon ango, ina ji da kaina, yayana ya kira ni daga barikin da aka tura shi can kudu, kusa da iyakar Kamaru. Soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu a Zuru. Ya ce tunda makaranta ta yi dogon hutu, in ɗauko amarya mu zo mu ga duniya, kada mu tsufa ba mu san ko'ina ba sai hanyar Dirin Daji. Ni malamin firamare ne. Matata 'yar Danko ce, ko Kwantagora sau biyu ta taɓa zuwa. Muka kama hanya a tsakiyar damina.

Kwana uku da saukarmu, Yaya ya ce zai kai mu gandun dajin gwamnati, inda ake zuwa kallon namun daji da kogunan dutse. Tun a mota matata take tambaya ko giwa tana bin mutum, ko birai suna cizo. Ni kuwa sai dariya nake mata, ina cewa ga ta da ɗan dutse a gefe, me zai taɓa ta.

A ƙofar gandun aka haɗa mu da mai yi mana jagora, wani gajeren dattijo mai adda a hannu da igiya a kafaɗa. Kafin mu shiga ya tsayar da mu, ya yi bayani da Turancinsu na kudu. Kada a ba biri abinci. Kada a bar hanya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce in ruwan sama ya sauko, kowa ya hau tudu, kada wanda ya shiga kogo. Ya maimaita sau biyu.

Na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. Amma a raina na ce wannan camfinsu ne, ko dai jemagu yake tsoro. Mu a gida a gindin dutse muke noma. Tun ina ɗan shekara shida na san in hadari ya haɗo kana gona, ƙarƙashin dutse za ka ruga. Dutsenmu ba ya shan ruwa, ta bayansa yake gangarewa, kai kana ciki a bushe kana cin gyaɗa. Kakata ta koya wa mahaifina, shi ya koya mini. To ni za a koya wa dutse?

Dajin kansa ya sanyaya mini jiki, ko da yake ban nuna ba. Itatuwa sun rufe sama, da hantsi amma kamar magariba ta gabato. Muka ga birai, muka ga wasu tsuntsaye masu ƙaton baki, dattijon ya nuna mana kashin giwa a kan hanya, matata ta damƙe mini riga. Duwatsun wurin ba irin namu ba ne, fari-fari ne, duk ramuka kamar gara ta ci. Yaya ya ce irinsu ake niƙawa a yi siminti. Muka shiga wani kogo mai gajeren baki, sai ka sunkuya. Ciki kuwa fili ne babba, ƙasansa yashi, da wani ɗan siririn ruwa yana fitowa daga can ƙurya, wanda ko yaro zai tsallake.

Da muka fito, matata ta ce ta gaji, jiri take ji. Saura hawa wani tudu inda ake hango dajin gaba ɗaya. Yaya ya ce mu zauna a kan wani kututture kusa da bakin kogon, shi da dattijon za su hau su dawo. Dattijon ya dubi sama, ya ce ba za su daɗe ba.

Ko rabin awa ba su yi ba ruwa ya ɓarke. Ruwan can ba ya sallama, babu iska, babu ƙura, sai dai ka ji an tuttulo maka. Jikina ya yi abin da ya saba. Na kama hannunta na yi bakin kogon.

Ta turje. “Malam, mutumen nan fa ya ce kada a shiga.”

Na ce, “Ke dai taho. Shi ya san daji, ni na san dutse.”

Na sake ta na sunkuya na shige, ta biyo ni. Muka tsallake ɗan ruwan nan, muka hau wani tudun dutse a ɗaya gefen muka zauna. Har ina yi mata tsiya, ina cewa ga ɗaki kyauta, su Yaya suna can suna shan dukan ruwa.

Ita ta fara gani. Ta haska fitilar wayarta sama, ta ce in duba. A tsagar dutsen da ke bisa kanmu akwai busassun ganye da ƙirare a maƙale, har da wata tsohuwar leda. Na tsaya ina tunanin wane ne ya hau can ya cusa su. Kafin in gama tunanin, jemagu suka taso daga ƙurya, ba iyaka, suna karo da fuskokinmu suna neman ƙofa. Sai wata ƙara daga cikin dutsen, kamar tirela na gangaro tudu.

“Malam, wanga ruwa ba daga waje shike zuwa ba,” in ji ta.

Na haska ƙasa. Siririn ruwan nan ya zama ja, ya cika yashin, yana tafe da itace. Na sa ƙafa in gwada, ya fizge takalmina, da ƙyar na dawo. Yanzu kogi ne tsakaninmu da ƙofa. Ita ba ta iya iyo ba. Ni ma iyon nawa na rafin bayan gari ne, inda ruwa bai wuce ƙugu ba.

A nan na gane ganyen nan ruwa ne ya kai su. Wato kogon nan hanyar ruwa ce, kuma yakan cika har sama. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, tsoron da ke sa bakinka ya bushe kana tsakiyar ruwa. Muka miƙe tsaye a kan tudun, muka manna baya da dutse. Ruwa ya taɓa idon sawu. Ya kai gwiwa, da sanyi kamar ƙanƙara. Hasken bakin kogon yana ta ƙanƙancewa ina kallo. Na yi ihu har muryata ta dushe, ko ni ba na jin kaina.

Ta jawo kunnena kusa da bakinta. Na ɗauka addu'a za ta ce mu yi. Ta ce, “Ina da ciki, wata biyu. So nike sai mun koma gida in gaya maka.”

Na rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan na cusa a wani rami na dutsen har farcena ya ɓalle, ban ma ji ba. Ruwa ya kai mata ƙirji.

Sai muka ga hasken ƙofar ya toshe, kan mutum ya leƙo. Dattijon nan ne, igiya ɗaure a ƙugunsa. Da suka sauko ba su gan mu a kan kututture ba, bai ko tambaya ba, ya san inda baƙo zai nufa. Ya ɗaura igiyar a itace, Yaya yana riƙe yana sassautawa, shi kuma ya bi jikin bango yana laluben ramuka har ya iso gare mu. Ya ɗaure matata a jikinsa. Na ga kanta ya nutse ya fito, ya sake nutsewa, sannan suka ɓace ta ƙofar. Lokacin da na yi ni kaɗai kafin ya dawo, ban san tsawonsa ba har yau. Da ya ja ni, sai da na nutse gaba ɗaya kafin in wuce bakin kogon.

Muna kan tudu muna amai da rawar sanyi, dattijon ya taɓa kafaɗata ya nuna ƙasa. Babu bakin kogo, sai jan ruwa yana tafasa a wurin. Bai zage ni ba. Yaya ne ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, “Kakanninmu noman shekara bakwai suka yi wa surukai kafin a ba su mata. Kai ka samu a sauƙaƙe, za ka miƙa wa ruwa.”

Allah ya tsare, cikin bai taɓu ba. Yarinyar tana sakandare yanzu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba jahilci ne ya kusa kashe mu ba. Abin da na sani gaskiya ne, amma gaskiyar Zuru ce. Da ban san komai game da dutse ba, da na bi maganar dattijon nan kamar kowa. Har yau in hadari ya same ni a gona nakan fake a ƙarƙashin dutse, amma sai na ɗaga kai na duba tsaga tukuna, kuma ba na iya zama.

Da muka dawo gida, matata ta gaya wa mahaifiyata cewa ruwa ne ya rutsa da mu, ba ta ƙara ko kalma ba. Ko a cikin faɗa ba ta taɓa yi mini gorin ranar ba. Bara na kasa daurewa, na tambaye ta, tunda ta ji gargaɗin, kuma ta san abin da take ɗauke da shi, me ya sa ta biyo ni.

Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “To ka riga ka shiga, Malam. In tsaya waje in jira mi?”