Ban Sa Hannu Ba, Yaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mutumin da ya koya mini aiki. Daga gare Shi muka zo, gare Shi kuma kowa zai koma. Ciwon zuciya ne, kwana biyu kacal a gadon asibiti. Babbar 'yarsa ce ta kira ni, ina tsaye gaban injin buga takardu a ofis, ta ce, "Gwaggo, Baba ya cika." Ba uwarmu ɗaya da shi ba, ba ubanmu ɗaya ba, amma shekara goma sha tara ina ce masa Yaya, 'ya'yansa suna ce mini Gwaggo, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Yaya, na so in rubuta maka kalmomi masu sanyi, irin waɗanda suka dace da kai. Na gwada har sau uku, na yaga. Akwai abin da ya tokare ni tun ranar da aka kai ka, kuma in ban faɗe shi ba, duk yabon da zan yi maka zai zama irin na mutanen da nake ƙyama.

Saboda masu karatu da ba su san sana'armu ba, bari in yi bayani a taƙaice. Kamfaninmu yana yi wa ɗakunan gwaje-gwaje na asibitoci manhaja. Injin da ke gwada jini yana fitar da sakamako a fayil na XML, wato rubutun da kowane abu a cikinsa ke da alamar buɗewa da alamar rufewa. A buɗe mara lafiya, a sa sunansa da gwajinsa da sakamakonsa, a rufe shi, sannan a buɗe na gaba. Kai ka rubuta ɓangaren da ke karanta waɗannan fayiloli, da harshen kwamfuta da ake kira C. Yana bin rubutun harafi bayan harafi, yana gina bishiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta: mara lafiya shi ne gindi, gwaje-gwajensa rassa, sannan ya kwashe abin da ke kan kowane reshe ya zuba a gurbin da ka tanada masa. In ya tarar an buɗe alama ba a rufe ba, sai ya tsaya cak, ya mayar da fayil ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa duk ofis muke kiransa Mai Gadi.

Ranar da na fara aiki, na zo da takardun digiri da girman kai. Ka ba ni fayil ɗaya da fensir, ka ce in zana maka bishiyarsa a takarda kafin in taɓa kwamfuta. Na ce maka ban zo makarantar firamare ba. Ka yi murmushi ka ce, "Ƙanwata, kwamfuta ba ta da kunya. Duk shirmen da kika ba ta za ta yi, kuma da sauri." Kwana uku ina zane. A sati na biyu na rubuta wani abu da ke aron wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ya mayarwa, har injin gwajinmu ya shaƙe ya tsaya. Ba ka faɗa wa kowa ba. Ka jawo kujera ka zauna kusa da ni, muka bi layi-layi, duk inda na ara ka sa ni in nuna maka da yatsa inda na mayar. Har yau ba na iya aron wuri ban rubuta mayarwarsa a take ba.

Ba waliyyi ba ne kai, kuma ba zan yi maka ƙarya a bayan ranka ba. Kana da taurin kai. Mun taɓa yin sati guda ba ma gaisawa sosai a kan inda ya kamata a ajiye alamar baka a ƙarshen layin manhaja. Kana da jinkiri mai ƙona rai. Aikin da wani zai gama da safe, kai sai ka kai shi Alhamis. Kofin shayinka kuwa, ban taɓa ganin ranar da aka wanke shi da sabulu ba. Amma shekarar da mahaifiyata ta kwanta jinya, wata huɗu kana yin aikina da naka, kana turawa da sunana. Ban sani ba sai da na dawo na ga an yaba mini a kan abin da ban rubuta ba. Da na yi maka magana, ka ce, "To ki karanta shi da kyau, kada a tambaye ki ki ba ni kunya."

Saƙonnin da Mai Gadi ke bayarwa in ya ƙi fayil ma halinka ne zalla. Ba ya jefa wa mutum lambobi marasa ma'ana. Sai ya ce: layi na kaza, an buɗe mara lafiya ba a rufe shi ba, ban karɓa ba, a sake turowa. Sau da yawa kuma kai da kanka kake ɗaga waya ka kira ma'aikacin ɗakin gwajin, ka bi shi a hankali har ya gano wayar da ta saki ko injin da ya yanke rubutu a tsakiya. Mutane da yawa da suka zo gaisuwa ba su taɓa ganin fuskarka ba, muryarka kawai suka sani.

Yanzu ga abin da ya tokare ni.

Wata goma sha huɗu da suka wuce aka kawo mana sabon manaja, mutum mai turaren da ke riga shi shiga ɗaki ya kuma daɗe bayan ya fita. Ya sa aka kafa allo a bango mai nuna yawan fayilolin da Mai Gadi ya mayar kowace rana, da jan launi. Jan launin ya hana shi sukuni. Ya ce asibitoci na ƙorafi, manhajar wasu ba ta mayar da komai. Ya sa aka rubuta gyara: in an ga alama ba a rufe ba, a yi kamar ba a gani ba, a ci gaba. Gyaran layi tara ne. Amma dokar kamfani tun asali ita ce, ba a taɓa Mai Gadi sai da sa hannun mutum biyu, naka da nawa.

Ba ka yi gardama ba. Ka ƙirƙiri marasa lafiya biyu na gwaji, Malam Wane ɗan shekara saba'in da Malama Wance, ka goge alamar da ke rufe Malam Wane, ka ba gyararren Mai Gadin ya karanta. Tun da ba a rufe dattijon ba, sai matar ta shige ƙarƙashinsa ta zama reshensa, sunanta ya ɓace, sakamakonta ya koma kansa. Takarda ta fito tana cewa Malam Wane yana da juna biyu. Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har manajan. Sai ka sa yatsa a layin ƙasa, inda rukunin jinin matar ya hau kan sunan dattijon. Dariya ta ɗauke.

Manaja ya ce, "Haba dattijo, sau nawa wannan zai faru? Ɗaya cikin dubu goma?"

Ka ce, "Ranka ya daɗe, dubu goma muke karɓa duk sati biyu. Zaɓo mini wanda za a ƙara wa jinin da ba nasa ba, sai in sa hannu."

Bai yafe maka wannan ba. Manyan kamfani ba su kore ka ba, don ba su da ƙarfin halin yin haka. Sai suka ce an girmama ka, aka mayar da kai ɗakin ajiye tsofaffin injuna a ƙarshen baranda, ɗakin da ba taga, wai ka rubuta littafin koyarwa. Aka daina kiranka taro. Duk wata sai a aiko maka da takardar sa hannu a kan gyaran, duk wata sai ka mayar da ita fes, ka haɗa da takardar Malam Wane.

Ni kuwa me na yi? Na yi shiru. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tayar mini da zuciya. Sunanka ne a sama, nawa a ƙasa, don haka takardar ba ta taɓa isowa teburina ba. Wata goma sha huɗu ina laɓe a bayan ƙin da kake yi, ina shan iskar taga, ina gaishe da manaja da fara'a, in kawo maka shayi da rana in ce, "Yaya, sai haƙuri." Ba ka taɓa ce mini ko uffan ba. Da ka zage ni ma, da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu da rasuwarka, manaja ya zo gidanka. Ya zauna a falo gaban matarka, ya sunkuyar da kai, ya ce kai ne ginshiƙin kamfani, ya ce an yi rashin da ba za a mayar ba. Har hankici ya fitar. Da na raka baƙi bakin ƙofa, sai ya ja ni gefe, kusa da takalman masu gaisuwa, ya rage murya.

"Hajiya, Allah Ya ba mu haƙuri. Wato tun da abin ya zo haka, na duba doka, sa hannunki kaɗai ya isa kafin a naɗa wani. Litinin da safe, in ba damuwa."

Ina jin kukan autarka daga ciki, shi kuma yana duba agogo. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na ci karo da miyagu iri-iri a cikinsu, amma marubuta suna yi wa mugu adalci, suna ba shi ƙaho ko wuƙa. Ba su faɗa mini zai zo da hankici ba. Turarensa ya bi ni har mota, sai da na sauke gilashi.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa. Na shiga ɗakinka, na ɗauko takardar Malam Wane daga aljihun teburinka, inda ka tara kwafinta. Da aka zauna taro ya turo mini takardar sa hannu da biro a kai. Na mayar masa da bironsa.

Ya ce, "Hajiya, kada ki ɗauko halin marigayi."

Na ce, "Ai na makara ma. Tun bara ya kamata in ɗauko."

Ya ce in yi tunanin matsayina. Na ce masa na yi, kuma tun ƙarfe takwas na aika wa shugabannin ɗakunan gwaji bakwai da muke yi wa aiki takardar Malam Wane, da bayanin layi taran nan, da sunana a ƙasa. Ban taɓa ganin fuska ta canza launi haka ba. Kafin azahar wata shugabar ɗakin gwaji, wadda ka taɓa shafe awa biyu a waya kana taya ta neman wayar da ta saki, ta kira shi. Ban ji abin da ta ce ba, amma ƙofarsa a rufe take kuma ana jin yana ta "ranki ya daɗe". Da yamma aka fitar da sanarwa cewa an jingine gyaran har sai an ƙara nazari. An cire allon nan mai jan launi daga bango.

Washegari aka girmama ni ni ma. Daga ɗakinka nake rubuta wannan, Yaya. Ba taga, kamar yadda ka sani, kuma fankar tana ƙara. Silifas ɗinka na alwala suna nan ƙarƙashin tebur, zan kai wa iyali ranar Juma'a. Littafin koyarwar da suka ba ka don su wulaƙanta ka, ashe da gaske ka ɗauke shi: shafi ɗari da sittin, ka tsaya a babin mayar da abin da aka ara. Zan ƙarasa shi da sunanka. Ban san ko za su bar ni in kai ƙarshen shekara a nan ba. Amma yau da safe Mai Gadi ya mayar da fayil uku, kuma wani a wani asibiti, wanda ba zai taɓa jin labarinka ba, an ƙara masa jinin da yake nasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta sha jiran ka da abinci yana hucewa saboda wani ɗakin gwaji ya kira. Ga 'ya'yanka huɗu da jikokinka. Ga ƙanenka da ya yi jinyarka. Da ma'aikatan gwaje-gwaje da suka rasa muryar da ke ɗaga musu waya. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya tsaya muku.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa duk ran da aikinsa ya kare ya zame masa nauyi a mizani. Ka sada shi da iyayensa a Aljanna. Ni kuma, Yaya, ka yafe mini watanni goma sha huɗun nan. Takardar ta iso teburina, kuma ban sa hannu ba.