Ni Na Ci, Shi Aka Haska

Ko an wanke mini ƙwaƙwalwa da soso da sabulu, ba zan manta da daren da muka buga wasan ƙarshe da 'yan garin Dayi ba. Lokacin azumi ne, shi ya sa aka mai da gasar ƙwallo bayan sallar asham, a filin garinmu Ƙarfi. Haskenmu janareta ne da 'yan ƙwayaye a kan gora, irin waɗanda in ka tsaya a ƙarƙashinsu sai ka ƙyasta ashana kafin ka ga takalminka.

Ni ɗan baya ne, wanda ake sa shi don jikinsa ya tare hanya. Abokina kuwa lamba tara ne, dogo, mai taje kai kafin wasa. Ba ya gumi, ba ya faɗuwa, amma sunansa kaɗai 'yan kallo suka haddace.

Ranar aka ɗauko mai hoto daga Funtua, ɗan wani ɗan kasuwa mutumin kudu, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa gishiri. A saman kyamararsa akwai fitila, filash, wadda in ta yi wal sai ka hango har kakanninka. Na matsa na ce, “Oga, a tuna da mu 'yan baya.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, fitilar nan ba ta kai nesa. Wanda ke kusa da raga shi ke da rabo.” Ya je ya tsugunna bayan ragar 'yan Dayi, inda mutumina ke shawagi kamar ango.

Wal, yana ɗaure takalmi. Wal, ya riƙe ƙugu. Ni ina can cikin duhu ana ta saran ƙwaurina, ban da sauro ba wanda ya san ina filin.

Ana dab da tashi babu ci, sai ƙwallo ta gangaro mini a tsakiyar fili. Na rufe ido na ɗirka mata ƙafa da duk haushin da ke cikina. Ta nufi raga, abokina ya ɗaga ƙafa zai taɓa ta, alhali tsakaninsa da ita akuya mai ciki za ta wuce. Daidai nan filash ta yi wal, golan Dayi ya kare fuska, ƙwallo ta faɗa raga. Ganin kowa ya ɗauke. Da idanu suka dawo, wa ke tsaye gaban raga da ƙafa a sama? 'Yan kallo suka sure shi suna ihu. Na bi su a guje ina cewa ni ne fa, sai wani ya miƙo mini silifas ɗinsa in riƙe masa, zai taya ɗauka.

Da aka wanko hoton, takanas na hau mota zuwa Funtua. Ga abokina fes, ga ƙwallo a raga. Na ce, “Oga, duba da kyau, ina ciki?” Ya daɗe yana ƙura ido, sannan ya nuna wani farin ɗigo can a ƙurya. “Ina jin haƙoranka ne.”

Har yau hoton na rataye a shagon aski, ni kuma na koma aski a wata unguwa. Na taɓa tsare mutumin nawa na ce, “Tsakaninka da Allah, ka taɓa ta?” Ya shafa gemu ya ce, “Iskar ƙafata ce ta gyara mata hanya.” Na kai ƙara gida, uwar yara ta ce, “Maigida, ci tuwonka, hoto ba ya ƙarya.” Ƙwallo ɗaya tak na ci a rayuwata, ita ma 'ya'yana wani suke gaisarwa a kanta. Yanzu duk mun ajiye tumbi, kuma wallahi nasa ya fi nawa tsari.

Abin da na koya shi ne, mutane ba wanda ya yi aikin suke tunawa ba, sai wanda haske ya faɗa wa. Shi ya sa ko ɗaurin aure na je, sai na gano inda mai hoto ya tsaya kafin in gaida ango.