Ƙasar Sawuna a Bakin Zanen Kaka

Na saɓa jaka da tanti ke nan, zan fara tattakin tuddan Dungas zuwa Waca in kwana daji, sai kakata ta durƙusa ta ɗebi ƙasar sawuna, ta ƙulle a bakin zane, wai don in dawo.

Na ce, "Haba Hajiya, mai digirin lisans na jami'a sukutum ake yi wa camfi marar hujjar kimiyya?"

Ta ce, "Maigida, zamanin Nasara, ranar da dakarun kumandan, Baturen mulki, suka tasa babanmu ɗaukar kaya zuwa Damagaram, dawakai sun tattake sawunsa kafin innarmu ta fito ta ɗiba. Bai dawo ba."

Na sake taka ƙasa da ƙarfi, na ce ta ƙara.

Jama'a, a gidajenku wa ya rage mai ɗibar sawunku?