Gayaunar da Na Bar wa Ƙanena

A gidanmu na Aliero kowane namiji yana da gayaunarsa, 'yar gonar da yake nomawa don kansa bayan aikin gandu. Tawa tana bakin fadama, ƙasa ce mai son albasa. Da sunana ya fito cikin masu neman zama hafsan soja, ko tantancewar ƙarshe ban jira ba, na tsaya gaban baba da baffanmu na ce na bar wa ƙanena ita har abada. Ni da fartanya kuma? Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. Mahauta a kasuwa har sun fara kirana Laftana, ni kuwa ina amsawa ina wani ɗaga kafaɗa.

Muna sansani, an yi mana ƙwal-kwabo, mun sha gudu har ƙafa ta kumbura, sai aka tara mu aka ce an rage yawan hafsoshin da za a ɗauka. Ba faɗuwa muka yi ba, gurbi ne babu. Ƙaramin hafsan da ke kula da mu ya ce mu yi haƙuri, shi kansa bai san makomarsa ba. Da na sauka tashar Jega, na yi ta zagaye kamar mai cigiyar akuya, don kawai kada in shiga motar gida.

Na tarar ƙanena ya gama dashe, albasa ta kama, kore shar. Da ita ya ɗaura niyyar aure, har an kai gaisuwa Maiyama. Baffa ne ya tara mu ya ce a gidan nan babba ba ya zama haka nan ƙarami na da gona, a mayar mini. Na ce ban yarda ba, kyauta na yi. Ya ce ba shawarata aka nema ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ƙanen nawa ya zaga da ni gonar, yana nuna mini inda ya fi shan ruwa, ko fuska bai ɓata ba. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Aka ɗaga auren, shi kuma ya koma dako.

Ranar da na kai albasar kasuwa, cikin masu dakon da suka taso har da shi. Ya duƙa gaban buhun farko.

"Yaya, aza min," ya ce.