Na ɗauke motar kafin gam ya bushe

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a bodar Magama ta Jibiya da takardun wata babbar mota a hannu. Wani direban layin Maraɗi ya leƙo ta taga ya ce, "Bishir, ka ji Baba Lawali ya rasu?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban san wa na miƙa wa takardun nan ba.

Da hantsi aka yi jana'iza. Na je, amma a sahun ƙarshe na raɓe, don ban ga fuskar da zan shiga gaba da ita ba. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan za su ce sun san dalili. Rabi kuka sani, rabin ma ƙarya ne, kuma ni na faɗa muku shi. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Lawali makanike ne, garejinsa na nan gefen titi kafin a kai boda, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Lawali Injekta ake ce masa. Abokin Alhaji mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu, kwana uku ya rufe gareji ya zauna tare da mu a kan tabarma yana amsa gaisuwa.

Akwai ranar da mota ta mace min a Daddara ana tafka ruwa. Kira ɗaya na yi. Ya zo a kan babur, ya jiƙe sharkaf, da sifana a aljihu da goro a kumatu, yana min dariya wai na manta mota da mai take tafiya.

Duk kaka sai ya aiko wa iyalina da wake daga 'yar gonarsa. Bai taɓa fashi ba, har bayan abin da zan faɗa.

Bara waccan na sayo wata tsohuwar mota a Maraɗi. Ja ce, ƙofa biyu, ƙirar Jamus, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ta girme ni. Abokan aikina na kiliyarin kaya a boda suka raɗa mata Kwaɗuwa. Ni kuwa a raina na gama haɗuwa, ko gidan mai na shiga sai na ɗan taka ta don a waiwayo.

Matsalarta ɗaya, in ta tsaya a silo, inji na kunne, sai ta dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga shan mai. Na kai ta wuri uku a Katsina. Wannan ya canza fulogi, wancan ya ce famfon mai ne, na ukun ya ce in sayar kawai in huta.

Baba Lawali bai kwance komai ba. Guntun tiyo ya ɗauko, ya sa baki ɗaya a kunne, ya dinga yawo da ɗayan a jikin inji. Can ya miƙo min ya ce, "Saurara nan. Ka ji tana tsaki? Iska take sha."

Ya nuna min. Ashe kowace injekta, wato abin da ke fesa wa inji mai, tana da ɗan mazauni da aka ɗaure a kan inji, kamar ƙaramin kofi, a ciki take zama. Na motata guda shida ne, na wata irin roba mai tauri, kuma shekaru da zafi sun tsattsaga su. Ta nan iskar ke shiga.

"Injektocinka lahiya lau suke," in ji shi. "Kujerunsu ne sunka tsuhwa."

Sati uku muna jiran sababbi, sai da wani direba ya samo mana daga Yamai.

Ranar Alhamis ya fara aikin, ina zaune a benci ina kallo. Huɗu suka fito salin-alin. Biyu suka farfashe a ciki. Ya shafa wa tsumma giris ya toshe ramin don kada ɓarɓashi ya faɗa cikin inji, sannan ya zauna da 'yar waya yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, gilashinsa a kan karan hanci. Tun azahar har la'asar ta wuce yana abu ɗaya. Ni da ke zaune na gaji, shi ko tsaki bai yi ba.

Ya wanke ramukan, ya shafa wa sababbin gam, ya ɗaura su a hankali. Ranar Juma'a da safe ya gama na ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san ɗabi'unsa biyu. Tsohon kayan da ya cire, komai ƙanƙantarsa, sai ya ƙulle maka a leda ya ajiye a motarka don ka gani da idonka. Sannan in aiki na buƙatar jira, makullinka na aljihunsa, ko kai waye.

Ya jefa makullina a aljihu ya ce, "Wagga sai gobe da la'asar. Gam ɗin nan shina son kwana guda cur. Kada ka tashe ta."

Na ce, "Haba Baba, yau hwa ake ɗaurin auren abokina a Ɗan Isa. Na yi alkawari ni zan ɗauki ango."

Ya ce, "Ango shi hau wata. Amarya ba mota taka jira ba."

Na yi dariya na ce to.

Abin da bai sani ba, ina da makulli na biyu a gida.

Ina ganin ya tafi masallacin Juma'a na lallaɓo na tada motar. Wallahi ban taɓa jin ta yi daɗin murya irin na ranar ba, babu karkarwa, babu komai. Na ce a raina tsoho ne kawai da son jan rai. Na ɗauki ango, muka nufi ƙetaren boda a gaban ayari, ina taka ta ana ihu.

Daf da shingen boda muka ji warin fetur. Sai hayaƙi. Mazauni ɗaya ya kwance, injekta ta yi tsalle ta fito tana fesa mai a kan inji mai zafi. Ango ya dire da babbar riga a hannu. Masu sayar da rake da 'yan canji ne suka taru da yashi suka kashe wutar. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone.

A gaban kowa. Abokan aikina, jami'ai, direbobi, har jandarmomi daga can gefe suna leƙe. Wani na ɗaukar bidiyo yana cewa Kwaɗuwa ta soyu.

Kunya ta ishe ni, na rasa inda zan sauke ta, sai na sauke a kan mutumin da ba ya nan.

Ina tsaye a wurin na ɗauki hoton injin na yi fostin. Na rubuta cewa jama'a su yi hattara da wani tsohon makanike a hanyar boda, mai sa a sayo sabon kaya ya ɓoye, ya mayar maka da tsohon. Na ce saura kaɗan ya kashe mu. Ban ambaci suna ba, amma na ambaci bishiyar bedi. A Jibiya wannan ya fi suna.

Da yamma, da aka jawo motar gida, na ga baƙar leda a ƙasan kujera. Na kwance. Tsofaffin mazaunai ne, huɗu cikakku, sauran biyun gutsattsari, har ɓarɓashin ya tattara.

Dama na sani. Tun kafin in ga ledar na sani, ai ina zaune aka yi aikin.

Na ɗauko waya zan goge, sai na ga yadda ake ta sheya. Ana min jaje, ana cewa na kyauta da na tona asiri. Wasu da ba su taɓa kai masa ko keke ba suna ba da nasu labarin. In na goge, sai in faɗi gaskiya, in ce ni na saci motata daga gareji ana salla. Na ce bari ƙura ta lafa tukuna.

Shekara biyu ke nan ina jiran ƙurar.

A hankali direbobi suka janye. Ba duka ba, amma da yawa. Mai sabuwar mota kuwa ko kallon garejin ba ya yi. Daga baya sai na dinga hango shi a babur, da akwatin sifanu a baya, ya nufi Riko ko Bugaje yana gyara wa manoma injin ban ruwa. Mutumin da ake kawo wa mota tun daga Madarumfa.

Ni kuma na canza hanya. Na gwammace in zaga ta bayan gari da in bi ta gaban bedin nan.

Da kaka ta yi, sai ga wake an aiko. Uwargidana ta dube ni ta ce, "Kai za ka iya cin wannan?" Na ci. Allah ya sani, na ci.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu da suka wuce ne, ranar kasuwa, a layin masu albasa. Na hango shi na juya baya ina taya albasar da ba saye zan yi ba. Sai na ji hannu a kafaɗata.

"Bishir, guduna kake?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame sosai. Ya tambayi yara da sunayensu. Sannan ya ce, "Ina Kwaɗuwa? An ce tana nan ka lulluɓe ta da tamfol. Ka kawo ta mana. Kujeru biyar ɗin nan na nan daram, guda ce ta hita. Aikin yini guda na."

Bai ce min don me ba. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwar nan, da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Baba, akwai maganar da nike so mu yi."

Ya ce, "To, in ka taho da motar sai mu yi ta a zaune."

Na ce in sha Allahu sati mai zuwa. Sati takwas suka zo suka wuce.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta, na je gaisuwa wurin ƙaninsa, Kawu Mamman, wanda ya yi jinyarsa. Na so in yi addu'a in sulale. Ya riƙe hannuna ya ja ni gefen zaure.

Ya ce Baba bai iya karatun boko ba, shi ne ya karanta masa rubutuna tun a ranar da na yi shi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake karantawa, sannan ya ce, "Yaro ne, kunya ta kama shi gaban mutane. Zai cire." Ya hana kowa a gidan ya tanka min. Bayan 'yan watanni sai ya tambaya ko an cire. Kawu ya duba ya ce masa tukuna.

Kawu ya ce shekaranjiya, da jiki ya yi nauyi, Baba ya sake tambaya.

Kawu Mamman ya dube ni ya ce, "Na duba, shina nan. Sai na ce mishi an cire. Ƙarya na yi mishi, Bishir, saboda kai. Ya ce alhamdu lillahi, ai na gaya muku ɗan Alhaji ba ya barina haka nan."

Mutumin nan ya tafi kabari yana kyautata min zato a kan abin da ban yi ba.

Ga gaskiya, da bakina. Baba Lawali bai mayar min da tsohon kaya ba. Sababbi shida ya sa, a kan idona. Ya ce kada in tada motar, ya riƙe makulli, ni na zagaya na ɗauke ta da wani. Ni na kusa ƙona ango, ni na yi masa ƙazafi, ni na rage wa iyalinsa abinci shekara biyu don kada a yi min dariyar kwana biyu.

Ban goge wancan rubutun ba tukuna. Na je na rubuta a samansa cewa ƙarya na yi, zan bar shi sati guda don duk wanda ya gan shi a da ya ga wannan ma, sannan in cire kamar yadda aka gaya masa na yi. Gobe kuma zan tsaya a tashar Maraɗi in faɗa wa direbobi da baki, tunda da yawansu ta baki suka ji.

Kada kowa ya rubuta min cewa na yi jarumta. Wanda ya kamata ya ji wannan ba ya ji.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Lawali. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa nauyi a mizani. Ka rufa wa iyalinsa asiri. Ni kuma ka yafe min, ka sa ya yafe min ranar da za mu tsaya a gabanka.

Duk wanda ya yi sheya na wancan, don girman Allah ya yi na wannan. Ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunansa da alheri a inda kuka taɓa ambatarsa da sharri saboda ni.

Makaniken kirki ne. Bai taɓa cutar kowa ba.