Malam Sai Gobe da rufin jar mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, Allah ya karɓi ran abokin aikina a wurin wankin mota, wanda muke kira Malam Sai Gobe, bayan jinyar kwana shida.

Malam, da tsokana muka laƙa maka sunan nan har ya bi ka. Duk wanda ya kawo mota mai rufin yadi, irin wanda ake naɗewa, amsarka ɗaya ce: "Sai gobe." Ka wanke rufin da burushi mai laushi, ka tsane shi da tawul a hankali, ka bar shi a inuwa ya sha iska. Kafin ka fesa maganin hana ruwa shiga, sai ka bi ɗinkin da bayan hannu. In ka ji danshi, ko wane ne mai motar, sai dai ya koma a ƙafa. A hannunka na koyi aikin, ba ka taɓa yi mini gori ba. Ranar da na kifar da galan guda na magani, cewa ka yi kai ka ture shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne jar motar nan ta bara. Mai ita yana sauri, ka ce sai gobe, ka tafi kai matarka asibiti. Kana juya baya manaja ya sa aka fesa magani a kan danshi, aka naɗe rufin, aka miƙa makulli. Bayan mako biyu motar ta dawo da fumfuna, tana wari. A gaban kowa manaja ya ce aikinka ne, ya sallame ka bayan shekara sha tara. Tun daga nan babu wanda ya ƙara ba ka rufi.

Jiya sai ga manajan wajen gaisuwa, har da share hawaye, wai, "Ai ba mu da ma'aikaci kamarsa." Ko kunya babu! Na yunƙura zan yi magana, sai na koma na zauna, domin ni na naɗe rufin nan da hannuna. Ka sani sarai. Ranar da aka kore ka ka dube ni, ba ka tona ni ba, ni kuwa na sunkuyar da kai don tsoron rasa aiki.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri. Yara, ku ji daga bakina: mahaifinku bai ɓata rufin kowa ba. In za ku iya, ku yafe mini, don wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.