Ranar da Kaka Ya Tsallake Ɗankwalina

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba zan manta da safiyar da ƙafafun kakana suka maƙale a bakin ƙofar gida ba, mota tana jiransa a waje.

Lokacin ina karatun likitanci a unguwar Treichville, ina zaune a gidanmu na unguwar Williamsville, duk a birni ɗaya. Kaka tsohon ɗan kasuwar atamfa ne a unguwar Adjamé, tun yana saurayi ya zo daga Nijar. "Amaryata" yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren mai furfura. Da tsufa ya zo, cutar Parkinson ta kama shi. Yana shan magani, yana ɗan zagaya tsakar gida, amma da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafun su tsaya cak kamar an liƙe su da siminti. Gwaggona ta rantse ɗaure shi aka yi a kasuwa.

Wata rana na zauna na yi masa bayani. Na ce, "Kaka, can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu curin ƙwayoyin jijiya, malamanmu suna ce musu ganglions de la base. Ka san yaron gbaka, bas ɗin haya, da yake buga jikin mota kafin direba ya tashi? Aikinsu ke nan. Su suke sakin motsin da ka yi niyya, su riƙe wanda ba ka so, musamman abin da jiki ya saba yi ba tunani, kamar tafiya. Sinadarin da suke aiki da shi, dofamin, shi ne ya ragu."

Ya ce, "Wato direba yana nan, inji lafiya lau, yaron mota ne yake barci?"

"Haka ne."

"To a kore shi mana, Likita."

Na karanta cewa idan ido ya ga abin tsallakewa, takun yana zama na gangan, sai ƙwaƙwalwa ta bi wata hanyar. Na ja masa layuka da alli. Ya dube su ya ce, "Ni, Alhaji guda, in yi wasan tsallen 'yan mata?" Ruwan sama ne ya wanke allin, bai taɓa gwadawa ba.

Sai ga sunan tattaɓa-kunnensa na farko a unguwar Belleville, kuma shi zai raɗa sunan. An ɗauko shatar tasi, wato woro-woro, Kaka ya sha babbar riga, ya taho har bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi. Direba yana ta oda. Baffannina suka matso za su ɗauke shi.

Ya ce, "Wanda ya ɗauke ni kamar buhun shinkafa, ya mayar da ni ɗaki. Ba zan shiga taro a kafaɗar kowa ba."

Na ga ƙwalla a idonsa, abin da ban taɓa gani ba. Na durƙusa in shafa masa gwiwa. Ni kuwa har yau ban iya ɗauri ba, hankalina kullum yana wani wuri. Ɗankwalin ankona ya zame, ya faɗi a miƙe gaban takalminsa.

Kaka ya ce, "Ke! Atamfar Holan ce fa!"

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa masu taka atamfa faɗa ba zai taka ta ba. Ya ɗaga ƙafa, ya tsallake. Na fizge ɗankwalin na sake shimfiɗawa gaba, ya sake tsallakewa. Gwaggo ta cire nata ta ja gyale ta rufe kai, sauran mata suka bi, ƙofar gidanmu ta zama kamar lambun furanni. Kaka yana tafiya yana mita: "Wannan ta jabu ce, wa ya cuce ki? Ɗauke, ko ita ba a takawa."

Da ƙafarsa ya shiga motar, da bakinsa ya raɗa wa jariri suna. A hanyar dawowa, muna kan gada, ruwan tafkin da ake kira lagun yana ƙyalli, ya leƙo ni ya ce, "Amarya, ba ki iya ɗauri ba, amma na fasa sakinki."

Daga ranar ƙyallen atamfa bai rabu da aljihunsa ba, har Allah ya karɓi abinsa. Abin da littafi ya faɗa daidai ne, alli ne kuskurena. Shi ya sa yanzu, kafin in tambayi majiyyaci inda yake masa ciwo, nakan fara tambayarsa aikin da ya yi a rayuwarsa.